Ta yaya zan tabbatar da shekarun da mahaifina ya yi a Amurka alhali ya rasu?

Magajin Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin tabbatar da zama ɗan Amurka ta hanyar mahaifi ko suka taɓa bi ta cikinsa, domin na shafe wata huɗu ina juya takardu ban ga inda zan kama ba. An haifi mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a jihar Kansas ta Amurka a watan Maris na 1963, lokacin da kakana yake karatun digiri na biyu a fannin noma, kakata kuma tana tare da shi a can. Sun dawo gida da shi yana ƙaramin yaro, ya yi firamare da sakandare a gida, sannan ya koma Amurka a watan Agusta na 1981 a matsayinsa na ɗan ƙasa, ya yi digirin farko a wata jami'a ta jihar Ohio, ya kammala a watan Mayu na 1985. Daga nan bai sake zama a can ba. Ni kuwa an haife ni a 1994, mahaifiyata ba 'yar Amurka ba ce, kuma har ya rasu a 2019 bai kai ni ofishin jakadanci an yi mini rajista ba, saboda a ganinsa abin ba na gaggawa ba ne.

Da na tuntuɓi ofishin jakadancin, sai aka ce mini zama ɗan ƙasa da mahaifina ya yi bai wadatar ba, sai na nuna hujjar cewa ya zauna a ƙasar shekara biyar kafin a haife ni. Abin da ke hannuna shi ne takardar haihuwarsa ta asibiti, wadda take ɗauke da sawun ƙafafunsa na jariri, da takardar shaidar digirinsa, da wani fasfonsa na baya-bayan nan wanda babu hatimin da zai amfane ni a cikinsa, da takardar aurensu da mahaifiyata. Tsohon fasfon da ya yi karatu da shi ya ɓata tun muna yara.

Inda gizo ke saƙar shi ne babu wanda ya san takamaiman lokacin da suka baro Kansas. Kakana ya rasu tuntuni. Kakata tana raye, amma abin da take iya tunawa kawai shi ne yaron ya fara magana sosai lokacin da suka taho. Ƙanin kakana ya dage a kan ƙarshen 1964, goggona kuma ta ce ita 1965 ta tashi tana ji. Ban da wannan, mun san mahaifina ya zo hutu gida a 1982 da 1984, amma ba mu san inda ya yi dogon hutun 1983 ba. Shin ana lissafa shekarun jarirantaka kuwa? Rantsuwar dangi za ta iya tsayawa a madadin takarda? Kuma a ina mutum zai samo shaidar abin da ya faru shekara sittin da suka wuce?

Mai Lissafi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Magaji. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Ni ba lauya ba ne, amma na daɗe ina taya mutane haɗa irin waɗannan takardu, don haka bari in fara da dokar, domin daga gare ta lissafin yake fitowa.

Sashe na 301(g) na dokar shige da fice da zama ɗan ƙasa ta 1952 ne yake magana a kan wanda aka haifa a waje, ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Amurka, ɗayan kuma baƙo. Ga wanda aka haifa daga ranar 14 ga Nuwamba 1986 zuwa yau, sharaɗin shi ne mahaifin ya kasance da jikinsa a cikin ƙasar na tsawon shekara biyar kafin haihuwar ɗan, kuma aƙalla biyu daga cikinsu su zama bayan ya cika shekara 14. Waɗanda aka haifa kafin wannan rana, tun daga ƙarshen 1952, shekara goma ake nema a kansu, biyar bayan cika 14, saboda haka ka yi sa'ar shekarar haihuwa. Ka lura da cewa dokar ba ta ce mazauni ba, ba ta ce mai gida ko mai adireshi ba, cewa ta yi kasancewa a ƙasar da jiki. Wannan yana nufin abu biyu, ɗaya zai yi maka daɗi, ɗaya ba zai yi ba. Na farko, ana lissafa shekarun jarirantaka tun daga ranar haihuwa, kuma ba dole ne shekarun su zo a jere ba. Na biyu, duk fitar da ya yi, ko ta hutu ce ko ta gaisuwar rasuwa, sai an cire ta. Abin da aka keɓe kawai shi ne zaman waje na aikin sojan Amurka, ko aikin gwamnatinta, ko na wasu hukumomin ƙasa da ƙasa, ko zaman yaron da yake ƙarƙashin kulawar mai irin wannan aiki, kuma ban ga alamar wannan ya shafe ku ba.

To ga lissafin. Daga Agusta 1981 zuwa Mayu 1985 wata 45 ne. Idan aka cire hutu biyu na kimanin wata uku-uku, saura 39, idan kuma ya zo gida a 1983 ma, saura 36. Ko ta yaya, sharaɗin shekara biyu bayan cika 14 ya cika har da rara. Amma ana neman wata 60 ne gaba ɗaya, wato kana buƙatar tsakanin wata 21 da 24 daga zamansa na Kansas. Idan maganar ƙanin kakanka ce daidai, daga Maris 1963 zuwa Disamba 1964 wata 21 ne, sai jimillar ta tsaya a 57, ko kuma ta taɓa 60 da ƙyar idan ya yi hutun 1983 a can, kuma a irin wannan gaɓa kwanaki ake ƙirgawa ba watanni ba. Idan kuwa sun kai tsakiyar 1965, ka haye ba tare da gardama ba. Kenan duk shari'arka ta rataya ne a kan ranar da suka baro Kansas da kuma bazarar 1983, kuma a nan ya kamata ƙarfinka ya tafi, ba a kan tara takardun shekarun da babu mai musu a kansu ba.

Game da rantsuwar dangi, ana karɓarta, amma a matsayin mai taimako, ba ginshiƙi ba. Nauyin kawo hujja yana kanka, kuma ma'aunin da jami'in zai yi amfani da shi shi ne rinjayen hujja, wato ya ga cewa abin da ka faɗa ya fi kusa da gaskiya a kan akasinsa. Takardar da aka rubuta a lokacin da abin yake faruwa, wadda wanda ya rubuta ta bai san za a yi wata magana a kanta ba, ta fi rantsuwa goma da aka yi bana nauyi. Kuma rantsuwa biyu masu cin karo da juna, kamar ta goggonka da ta ƙanin kakanka, cutar da kai za su yi.

Abu na ƙarshe, tunda ka wuce shekara 18, ƙofar takardar rajistar haihuwa ta ofishin jakadanci ta rufe maka. Abin da za ka yi shi ne neman fasfo kai tsaye da fom ɗin DS-11, a nan ne za a yanke hukunci a kan matsayinka. Fom ɗin N-600 na neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa daga hukumar USCIS, mai kula da shige da fice da zama ɗan ƙasa, na wanda yake cikin Amurka ne.

Umman Yara ta rubuta:

Ƙanena, ina yi maka ta'aziyya. Na bi wannan hanya saboda 'ya'yana biyu, sai dai namu da sauƙi, domin maigidana yana raye, shi ya cika fom ɗin da ake jera kwanakin shiga da fita ya sa hannu a gaban ma'aikaciyar ofishin jakadanci. Duk da haka sai da aka dawo da mu sau ɗaya, kuma dalilin dawowar ne nake so ka amfana da shi.

Mun je da takardar shaidar digiri a cikin firam ɗinta, muna ganin mun gama magana. Matar da ke bayan gilashi ta ɗaga ta, ta duba gaba da baya, ta ce wannan ta nuna mata rana ɗaya ce kawai, ranar da aka ba shi ita. Abin da take so shi ne takardar magatakardan jami'a wadda take jera darussa da maki zango bayan zango, domin ita ce take nuna cewa mutum yana zaune a aji daga watan kaza zuwa watan kaza. Don haka ka rubuta wa ofishin magatakardan jami'ar Ohio ɗin, ka haɗa da takardar rasuwar mahaifinka da takardar haihuwarka mai ɗauke da sunansa. Kowace jami'a da ƙa'idarta a kan bayanan ɗalibin da ya rasu, amma galibi suna ba magada idan sun ga shaidar dangantaka. Idan takardar ta iso, ka fara duba ko akwai zangon bazara na 1983 a ciki, domin ɗalibai da yawa da ba su da kuɗin jirgi sukan cike hutun da darussa.

Haka kuma takardar nan mai sawun ƙafa, ka adana ta don tarihi, amma ba ita ake nema ba. Ta asibiti ce, kyauta ce ake ba iyaye. Wadda take aiki ita ce kwafin da ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na jihar Kansas, wanda yake birnin Topeka, zai fitar da hatiminsa, kuma ka nemi cikakkiya wadda take ɗauke da sunayen iyaye, domin irin waɗannan takardu na wancan zamani sukan nuna adireshi da sana'ar uba. Wannan yana da amfani ta wata fuska, saboda ɗan jami'in diflomasiyya mai kariya ba ya zama ɗan ƙasa don an haife shi a can, amma ɗan ɗalibi yana zama.

Kada ka raina takardar aure. Dole ranar auren ta riga ranar haihuwarka, kuma idan ɗayansu ya taɓa yin wani aure kafin wannan, za a nemi shaidar yadda ya ƙare. Idan jami'in ya ɗauki haihuwar a matsayin wadda ba ta cikin aure ba, sai a koma sashe na 309, wanda sharuɗɗansa a kan uba sun fi tsauri, kuma wasunsu tilas ne a ce an cika su tun kafin ɗan ya kai shekara 18. Gwajin ƙwayar halitta kuwa, kada ka kashe kuɗinka a kansa sai su da kansu sun ba da shawarar a yi, domin suna da ɗakunan gwajin da suka amince da su da hanyar da ake ɗaukar samfurin.

A zuwanmu na biyu na yi jadawali a shafi ɗaya: ranar shiga, ranar fita, yawan kwanaki, da lambar takardar da take tabbatar da kowane layi, na kuma jera takardun bisa wannan lamba. Ta bi shi da bakin alƙalami daga sama har ƙasa, tambaya biyu kawai ta yi.

Tsohon Ɗalibi ya rubuta:

Ɗana, Allah Ya gafarta wa mahaifinka. Ni tsaransa ne, na yi karatu a can kusan lokaci ɗaya da shi, ko da yake ni da bizar ɗalibi na je. Bari in faɗa maka inda mutanen zamaninmu suka bar sawu, domin mun bar shi a wuraren da matasan yanzu ba za su yi tunani ba.

Da farko, Amurka ba ta buga hatimin fita a fasfo, don haka ko da tsohon fasfon bai ɓata ba, hatimin saukarsa a wata ƙasa ne zai nuna ranar da ya fita. Mai fasfo biyu kuwa yakan miƙa na gida idan ya sauka gida. Ka binciki fasfonsa na ƙasarku na waɗannan shekaru, mai yiwuwa yana nan cikin kayan da ba a kula da su ba. Ma'aikatar Harkokin Waje ta Amurka ma tana ajiye fom ɗin da mutum ya cika duk lokacin da ya nemi fasfo, da rana da adireshi da wurin da ya nema, kuma ana iya roƙon kwafi idan an nuna shaidar rasuwa. Idan an yi wa jaririn fasfo kafin su taho, ranar da aka nema kaɗai za ta yi maka aiki babba.

Na biyu, idan ya yi aiki, ko da wanke kwanuka ne a ɗakin cin abincin ɗalibai, akwai yiwuwar hukumar Social Security, mai kula da fanshon ma'aikata, tana da bayaninsa. Fom ɗin SSA-7050 ake cikawa a nemi cikakken bayani mai sunayen wuraren aiki, kuma magaji yana iya nema. Sai dai ka sani cewa tun daga 1978 jimillar shekara ake rubutawa, ba ta wata uku-uku ba kamar da, saboda haka ba za ta ce maka ga watan da ya yi aikin ba. Amma idan ka ga albashin 1983 ya ninka na 1982 da na 1984, kuma daga wani kamfani ne da ba jami'ar ba, to wannan alama ce mai ƙarfi cewa aikin bazara ya yi. Akwai kuma rajistar Selective Service, wato rajistar samari saboda yiwuwar kira zuwa aikin soja, wadda aka dawo da ita a 1980 a kan maza waɗanda aka haifa daga 1960, kuma katinta yana ɗauke da rana da adireshi. Hukumar haraji kuwa ba ta ajiye takardun da suka tsufa haka, kada ka ɓata lokacinka a kanta.

Shekarun Kansas kuwa, ta hanyar manya ake kama yaro. Jariri ba shi da makaranta ba shi da albashi, amma kakanka yana da takardar darussa, yana da kundin digiri a ɗakin karatun jami'ar mai ɗauke da shekara da sa hannun malamansa, kuma sunansa yana cikin littafin bikin yaye ɗalibai. Mu a zamaninmu kowa yakan gode wa matarsa da 'ya'yansa a shafin godiya, har ya ambaci haƙurin da suka yi da shi. Sai dai mai bincike zai iya cewa uban ya zauna, uwar ta riga shi tahowa da yaron, kuma hakan yana faruwa, don haka ka nemi abin da yake ɗauke da sunan yaron ko na uwar. A wancan lokaci matafiya sukan riƙe katin rigakafin agana mai launin rawaya, wanda likita yake sa wa rana da hatimi, kuma yawanci dab da tafiya ake yinsa. Ka tambayi kakarka wannan kati, da fasfonta, da shuɗayen wasiƙun jirgi masu tambarin gidan waya. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma mata sun fi mu riƙon irin waɗannan abubuwa.

Ɗan Hanya ya rubuta:

Malam Magaji, a ganina an tsawaita maka magana. Tunda dattawan gidanku suna raye, ku zauna ku daidaita a kan 1965, kowa ya rubuta rantsuwarsa a kan haka a gaban kotu, domin babu wanda zai iya tono abin da ya wuce shekara sittin ya ƙaryata ku.

Mai Lissafi ya sake rubutawa:

Malam Ɗan Hanya, ka yi haƙuri, wannan shawara tana da haɗari. Fom ɗin fasfo da rantsuwa ake sa masa hannu, kuma yin ƙarya a cikinsa da gangan laifi ne a dokar tarayya ta Amurka, fasfon da aka samu ta haka kuma ana iya soke shi ko bayan shekaru. Ban da haka, gwamnatin tana riƙe da fom ɗin da marigayin ya cika da hannunsa, waɗanda Malam Magaji bai taɓa gani ba, kuma idan kwanan watan da ke cikinsu ya saɓa wa abin da dattawa suka rantse a kai, duk sauran takardunsa na gaskiya za su shiga cikin zargi. Kowane dattijo ya faɗi iyakar abin da ya gani da idonsa, ya kuma bayyana yadda aka yi ya sani.

Magajin Malam ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba Tsohon Ɗalibi, maganarka ta tabbata. Na je wurin kakata na kwatanta mata katin mai launin rawaya, ta yi shiru, sannan ta sa aka sauko da wata tsohuwar akwatin ƙarfe. A ƙasan kayan, cikin wata jakar fata da ta bushe har tana tsagewa, muka sami fasfonta da katunan rigakafi biyu, nata da na mahaifina. Na mahaifina yana ɗauke da sunansa, da hatimin wani likita na Kansas, da kwanan wata na Yuli 1965. A fasfonta kuma akwai hatimin sauka a Landan a watan Satumba na wannan shekara, sai na isowa gida bayan kwana uku. Da ƙanin kakana ya ga hatimin ya yi dariya, ya ce ashe dawowar wani abokin karatun yayansa ce ta tsaya masa a rai.

Idan na tsaya a kan katin kaɗai, daga Maris 1963 zuwa Yuli 1965 wata 28 ne, idan aka haɗa da 36, wato ko da an ɗauka ya zo gida a 1983, jimillar ta kai 64. Duk da haka na aika wa jami'o'in biyu wasiƙa, na kuma nemi takardar haihuwa daga Topeka, domin tawadar hatimin likitan ta kode, sai an karkata katin wajen haske ake iya karanta shekarar, kuma ina so takardar darussan kakana ta mara masa baya.

Wata tambayar ta taso mini yanzu. Ina da 'ya mai shekara uku, ni kuma ban taɓa taka ƙasar ba, don haka na fahimci ba zan iya ba ta matsayin ta hanyar zamana ba. Na ji an ce sashe na 322 yana ba da damar a yi amfani da shekarun kaka ta fom ɗin N-600K, muddin yarinyar ba ta cika 18 ba, kuma za a kai ta can a kammala. Malam Mai Lissafi, shin hakan yana aiki ko da kakan ya rasu, kuma waɗannan takardun da nake tarawa su ne za su sake yin amfani?

Mai Lissafi ya sake rubutawa:

Yana aiki, matuƙar ya rasu yana ɗan ƙasa kuma ya cika shekara biyar ɗin, biyu bayan cika 14. Takardun su ne dai za ka sake gabatarwa, amma sai naka matsayin ya tabbata tukuna. Saboda haka duk abin da za ka nema daga Topeka ko daga jami'o'in, ka nemi kwafi biyu masu hatimi, katin rawayan kuma kada ka manne shi da roba mai zafi, ka sa shi cikin ambulan ka ɗauki hotonsa a hasken rana tun yanzu.